Kunnen kifin kaf: me ke ƙarƙashin murfin, kuma me ya sa bazara ke fara kama shi ta nan?

Duk shekara idan bazara ta kankama a Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zance ɗaya ne ke dawowa majalisar masu kiwon kifi. An kwana lafiya, an wayi gari kifi ya taru a saman ruwa yana hamma, kafin hantsi wasu sun juya ciki sama. Wani ya ce guba aka zuba, wani ya ɗora wa abinci laifi, wani ya ce kambun baka ne. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne tarwaɗar da ke tankin gefe tana nan garau, amma kifin kaf da karfasa sun ƙare. A kasuwa kuma kowa ya haddace ƙa'ida guda: ɗaga kunne ka duba, in ja ne to sabo ne.

Maganganun biyu a wuri ɗaya suka haɗu, wato jan naman da ke ƙarƙashin murfin da ke gefen kan kifi. Mene ne shi, yaya na lafiyayyen kifi yake, kuma me ya sa shi ne farkon abin da ke lalacewa?

Sunan ma da gyara

Mun saba kiransa kunne, amma kifi ba da shi yake ji ba. Kunnen ji na cikin ƙoƙon kai, kuma a dangin kaf akwai wasu 'yan ƙananan ƙasusuwa da suka haɗa shi da jakar iskar da ke cikin ciki, shi ya sa kaf ya fi kifaye da yawa jin motsi. Abin da muke kira kunne gaɓar numfashi ce. Za mu bar masa sunan da aka san shi da shi, tunda shi masunci da mai talla suka sani.

Shi kaf, wanda masana ke kira Cyprinus carpio, baƙo ne a ruwanmu. Asalinsa kogunan gabashin Turai da Asiya, an kuma shigo da shi Najeriya a shekarun 1950 aka fara kiwonsa a gonar kifi ta Panyam da ke Jihar Filato. Yana da 'yan'uwa na gida: farin dummi da baƙin dummi da Sarkawa ke kamawa a koguna irin Gulbin Rima, duk dangi ɗaya ne da shi. Wanda bai taɓa riƙe kaf ba, in ya buɗe kunnen dummi zai ga kusan duk abin da za a bayyana a nan.

Daga murfi zuwa baka

Murfin da ke buɗewa yana rufewa ƙasusuwa huɗu ne masu faɗi a haɗe. A gefensa na ƙasa akwai wata fata mai laushi da siraran ƙasusuwa uku ke riƙe da ita, ita ce ke like ƙofar idan kifi na zuƙo ruwa.

Idan aka ɗaga murfin za a ga lanƙwasassun ƙasusuwa huɗu a jere, kowane kamar bakan maharbi. Huɗu a dama, huɗu a hagu, takwas ke nan masu aikin numfashi. Akwai na biyar a can baya, amma a kaf ya bar numfashi ya koma tauna. Kaf ba shi da haƙori ko ɗaya a muƙamuƙi. Haƙoransa na maƙogwaro ne, biyar a kowane gefe, a sahu uku: uku manya a sahu ɗaya, sai ɗaya, sai ɗaya. Masu faɗin kai ne kamar turamen haƙorin ɗan Adam, suna niƙa hatsi da ɓawon dodon koɗi a jikin wani tauraren faifai da ke rufin maƙogwaro. Mai gyaran kifin da ya ci karo da su ya ɗauka wata cuta ce, ya kwantar da hankalinsa.

Kowane baka fuska biyu gare shi. Ta ciki, mai kallon baki, tana ɗauke da sahu biyu na gajerun tsinkaye kamar haƙoran matsefi. A bakan farko na kaf sukan kai ashirin da wani abu. Aikinsu rariya: kaf na cin abinci ne a ƙasan tafki, yana zuƙar laka da duk abin da ke ciki, matsefin ya tare abinci da tsakuwa, ruwa ya wuce. A jikin matsefin da bakan akwai ƙwayoyin ɗanɗano birjik, saboda haka tun a nan kifin ke bambance abin haɗiya da abin tofarwa.

Geza da fallaye

Fuskar waje ita ce jar, kuma nan aikin yake. Daga kowane baka siraran zaruruwa ne suka fito a sahu biyu, kamar gezar rawani. Kowane zare yana da sandar guringuntsi a tsakiyarsa da ke hana shi langaɓewa, da 'yan tsokoki a gindinsa masu buɗe sahun biyu ko su tsuke su. Idan kifi na numfashi yadda ya kamata, sahun biyu na buɗewa har bakin zaren wannan baka ya taɓa bakin zaren maƙwabcinsa. Ta haka sai labule ya rufe hanyar gaba ɗaya, ruwa bai da inda zai bi sai ta cikin gezar.

Ido tsirara iyakarsa ke nan. Sai an sa zare ɗaya ƙarƙashin madubin likita ake ganin cewa sama da ƙasansa cike suke da 'yan ƙananan fallaye a tsaye, a jere kamar shafukan littafin da aka ɗan buɗe. A kaf ana samun wajen falle 20 a kowace milimita ɗaya ta tsawon zare, a kowane gefe. In aka lissafa baka takwas, kowane da sahu biyu, kowane sahu da zaruruwa masu yawa, kowane zare da ɗaruruwan fallaye, faɗin da ke haɗuwa da ruwa ya ninka faɗin fatar jikin kifin gaba ɗaya.

Ginin falle guda abin tsayawa a duba ne. Bango biyu ne siririya, jini na gudana a tsakaninsu. Abin da ya hana bangon biyu rabuwa idan jini ya turo su wasu ƙwayoyin halitta ne da suka tsaya tsakani kamar ginshiƙan tsohon masallacin ƙasa, shi ya sa ake kiran su ƙwayoyin ginshiƙi. Kowace siririya ce a tsakiya, ta baje sama da ƙasa, gefunanta suka haɗu da na maƙwabta suka zama rufi da daɓen hanyar jinin. A jikinsu akwai igiyoyi masu ƙarfi na sinadarin kolajin da suka ɗaure bango da bango. Hanyar matsattsiya ce ƙwarai, har jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda a kifi siffar ƙwai gare su kuma suna da cibiya, kusan ɗai-ɗai suke wucewa suna goga bango.

A waje kuma shimfiɗar ƙwayoyi ce masu faɗi, ninki biyu kacal, ana kiran su ƙwayoyin daɓe. Su suka rufe fiye da kashi 90 cikin 100 na fuskar kunne. A madubi mai ƙarfin gaske ana ganin zane a bayansu kamar zanen yatsa, wanda ake ganin yana taimakawa wajen riƙe siririn yauƙi. Tsakanin ruwan tafki da jinin kifi duka-duka 'yan maikiromita ne (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin gashin kan mutum ɗaya yakan kai maikiromita 70. Wannan sirantar ce ke sa iska ta ratsa cikin sauƙi, ita ce kuma ke sa duk wata ƙazantar ruwa ta isa jini ba tare da shamaki ba.

Me ya sa sai an yi duk wannan wahalar

Ruwa marowaci ne wajen iskar oksijin. Abin da lita ɗaya ta ruwa ke riƙewa bai wuce kashi ɗaya cikin talatin na abin da ke cikin lita ɗaya ta iska ba, ga shi ya fi iska nauyi kusan sau 800. Zafi kuma na ƙara rage shi. Ruwan daɗi da ya ƙoshi da iska yana riƙe kimanin miligiram 9.1 a lita a digiri 20, ya sauko 7.6 a digiri 30, ya kusa 7 a digiri 35. A daidai lokacin kuma jikin kifi ke ƙara buƙata, domin zafin jikinsa na bin zafin ruwa ne. Kaf ya fi girma tsakanin digiri 23 da 30. Tankin siminti ko na tamfol da ke tsakar rana a Afrilun Sakkwato, sa'ad da zafin gari ke haura 40, yana wuce wannan iyaka cikin sauƙi.

Dabarar da ke cike giɓin ita ce jini da ruwa ba sa tafiya tare. Zuciya na tura jinin da ya gaji ta babbar jijiyar ƙasa, ta rabu huɗu-huɗu zuwa bakunan, ta shiga kowane zare ta gefen da ruwa ke fita. Daga nan jinin ya ratsa falle yana fuskantar ruwan da ke shigowa, ya fita ta ɗaya gefen, ya taru a babbar jijiyar da ke bin ƙashin baya zuwa sauran jiki. Da a ce hanya ɗaya suke bi, da sun yi raba-daidai a tsakiya musayar ta tsaya. Da yake gaba da gaba suke, jinin da ya kusa ƙoshi yana haɗuwa da sabon ruwa ne, wanda bai samu komai ba kuma yana haɗuwa da ruwan da ya kusa ƙarewa, don haka ko'ina a tsawon fallen ruwa ya fi jini oksijin. Ta haka kifi kan iya kwashe har kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikin ruwan da ya ratsa, mu kuwa kusan rubu'i muke ɗauka daga iskar da muka shaƙa.

Ruwan ba da kansa yake shiga ba. Baki ya buɗe murfi a rufe, ruwa ya cika; baki ya rufe ya matsa, murfi ya buɗa ya ja. Famfo biyu ne ke karɓa-karɓa. Lafiyayyen kaf a ruwa mai wadatar iska yakan yi numfashi kaɗan ya dakata, ya sake. Wannan dakatawar ba ciwo ba ce. Lokaci-lokaci kuma yakan yi wani abu kamar tari, ya maido ruwa baya ya kakkaɓe datti. Tari a kai a kai shi ne abin lura.

Haka nan aka gane dalilin da kifi ke shaƙewa a tudu duk da yalwar iska: ba ruwan da zai riƙe fallayen a buɗe, sai su manne kamar jiƙaƙƙen littafi. Ita tarwaɗa tana da wata gaɓa mai rassa kamar ƙaramar bishiya a saman baka na biyu da na huɗu, da ita take shaƙar iskar sama. Gaiwa ma huhu gare ta. Kaf da dummi da karfasa ba su da ko ɗaya. Mai kiwon da ya koyi sana'a a kan tarwaɗa, ya saba cika tanki maƙil da barin ruwa ya yi kwanaki, in ya yi wa kaf haka ya yanke masa hukunci.

Ƙoda ce kuma, ma'aikatar gishiri ce

Jinin kaf yana da gishiri kwatankwacin giram 8 zuwa 9 a lita, ruwan gulbi kuwa bai kai giram ɗaya ba. Saboda haka kullum ruwa na kutsawa jikinsa ta wannan siririn bango, gishiri na zurarewa waje. Ruwan yana fitar da shi ta fitsari mai yawa. Gishirin kuwa wasu manyan ƙwayoyi ne ke maido shi, suna zaune a jikin zare a gindin fallaye, cike da injinan samar da ƙarfi, suna tsamo sodiyam da kuloraid da kalsiyam daga ruwa. Su ne ƙwayoyin gishiri. A lafiyayyen kaf a gindi suke; in an gan su sun yawaita sun hau kan fallaye, ruwan ne ke wahalar da kifin.

Mafi yawan amoniyar da jiki ke samarwa daga narkar da furotin, fiye da kashi 80 cikin 100, ta kunne take fita. Idan amoniya ta taru a tanki, hanyar fitar ta toshe. Nau'inta mai guba yana ƙaruwa da zafi da kuma kaifin ruwa ta ɓangaren kanwa: a digiri 30, idan ma'aunin pH, wato awon tsami ko kanwar ruwa, na kan 7, mai gubar bai kai kashi 1 cikin 100 na amoniyar ba, a kan 8 ya haura kashi 7, a kan 9 ya doshi kashi 45. Tafki mai koren ruwa yakan kai 9 da la'asar. Ke nan tafki ɗaya na iya shaƙe kifi da asuba, lokacin da tsirran ruwa suka kwana suna shan oksijin, ya kuma ƙona masa kunne da yamma.

Sauran mazauna wurin a taƙaice: ƙwayoyin yauƙi a gefunan zare da jikin baka, wasu ƙwayoyi masu jin raguwar oksijin su sanar da ƙwaƙwalwa, da fararen ƙwayoyin garkuwa a warwatse. A cikin murfi ta sama akwai wani ɗan ragowar kunne da fata ta lulluɓe, wanda ke da alaƙa da jinin da ke zuwa ido.

Yadda lafiyayye yake, da yadda ake dubawa

A ido, launinsa ja ne mai haske, iri ɗaya daga gindi zuwa baki, a bakunan takwas duka. Zaruruwan a ware suke, tsawonsu na tafiya a tsare, bakinsu ba a gutsure ba. Yauƙin siriri ne, garau, ba ya kama laka. Fari-fari kamar naman kaza alamar ƙarancin jini ce. Ruwan ƙasa kamar cakulan yana nuna naitirait, wata guba da ke samuwa daga amoniyar da ta taru a ruwa, wadda ke shiga ta ƙofar da ƙwayoyin gishiri ke ɗaukar kuloraid, ta ɓata jini ya kasa ɗaukar oksijin. Dabbare-dabbaren toka da ja, da wuraren da suka zagwanye, ruɓa ce, ko ta ƙwayar bakteriya mai son ruwan ɗumi, ko ta naman gwari, ko ta wani bairos na kaf da ya fara yin ɓarna a fili a Isra'ila da Amurka a 1998.

Dubawa a madubi ba ta da wuya. A kwantar da kifin da man kanumfari, wajen miligiram 40 zuwa 60 a litar ruwa, bayan an narkar da man a ɗan sifirit don ba ya gauraya da ruwa. A ɗaga murfi, a datse bakin zare biyu ko uku da ƙaramin almakashi, a ɗora a gilashi da ɗigon ruwan tafkin. Kada a yi amfani da ruwan famfo mai kulorin, yana kashe ƙwarin da ake nema. A rufe da siririn gilashi ba tare da dannawa ba, a fara da gilashin madubin da ke ninka girman abu sau 40, a koma 100. Lafiyayye zai nuna fallaye a ware, ratar da ke tsakaninsu fes, jini na bin layi. Mara lafiya zai nuna ratar ta cike da ƙwayoyin da suka hayayyafa, fallaye sun manne, bakin zare ya kumbura kamar kan kulki, ko wani falle ya zama ƙunshin jini saboda ginshiƙansa sun karye. Tsutsar kunne ta kaf ana gane ta da ɗigo huɗu baƙaƙe a kai da ƙugiyoyi a gindi, tana miƙewa tana tsukewa.

Cikowar ratar nan kariya ce jiki ke yi: yana ƙara kauri don guba ta rage shiga. Sai dai kaurin da ya tare guba ya tare oksijin. Shi ya sa kifin da ruwa ya daɗe yana cutarwa yakan mutu a daren da sauran suka tsira. Wani abin mamaki, a ɗan'uwan kaf da ake kira kurushiyan, da kifin zinariya na ado, cikowar ratar a ruwan sanyi mai yawan iska lafiya ce. Masu bincike a Jami'ar Oslo ta Norwe sun nuna a 2003 cewa kurushiyan yana zubar da cikon cikin kwanaki idan iska ta yi ƙaranci. Kada a ɗauki hukuncin wannan a ɗora wa kaf na kiwo, wanda fallayensa a buɗe aka san su.

Inda ake jayayya

Gishiri shi ne babban abin musu. Wasu duk abin da ya faru sai su watsa shi, wasu sun ce kifin ruwan daɗi ba ruwansa da shi. Kowa da rabin gaskiya. Giram 1 zuwa 3 a lita yana rage wa ƙwayoyin gishiri aiki, musamman wajen jigila, kuma kuloraid ɗinsa yana tare wa naitirait ƙofa idan ya ninka ta kamar sau goma. Amma ba ya ƙara oksijin ko kaɗan, ba ya kuma raba tanki da ƙwan tsutsa. Kifin da ke hamma da asuba iska yake nema: a tsayar da abinci, a sauya wani ɓangare na ruwa, a kunna famfo ya riƙa watso ruwa daga sama. Abin nema shi ne kada oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 5 a lita. Mafi muni shi ne a zuba fomalin, maganin da ake kashe ƙwarin kifi da shi, a wannan hali, domin shi kansa yana cinye oksijin yana kuma ƙona kunnen da ya riga ya ji rauni.

Zargin guba ba kullum ne ƙarya ba, tunda ruwan da ya biyo ta fadamar da aka yi wa feshi yana iya ɗauko magani. Bambancin yana cikin yanayin mutuwar. Ƙarancin iska da asuba yake kisa, manya yake fara ɗauka, ya bar tarwaɗa. Guba ba ta zaɓar lokaci, ƙanana sukan riga faɗuwa, kuma ba ta ƙyale mai shaƙar iskar sama.

Ƙa'idar kasuwa kuwa tana da amfani da iyaka. Kunne shi ne farkon abin da ke ɓaci bayan mutuwa, saboda jini da yauƙi da ƙwayoyin cutar ruwa duk sun taru a nan. Yana tashi daga ja zuwa koɗaɗɗe, zuwa ruwan ƙasa da yauƙi mai kauri da tsami. Amma sabon kifin da ya jiƙa a narkakkiyar ƙanƙara yakan koɗe, don haka a haɗa da hanci, da ido, da danna tsoka. Mai banda ko mai miya ya cire kunnen tun wajen gyara.

Kai samfuri ɗakin gwaji

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsinci mataccen kifi a sa a leda a kai wa likitan dabbobi ko masanan kifi irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Cikin 'yan mintuna da mutuwa shimfiɗar fallaye ke fara ɗagowa, ƙwari su watse, abin da za a gani a madubi ya yi kama da cuta alhali ruɓar gawa ce. Daskararre a firiza ya fi wannan lalacewa. A kai mai rai wanda ke nuna alamun ciwo, cikin ruwan tafkinsa, da wata kwalbar ruwan daban don awo, a kuma guji cusa yatsa ƙarƙashin murfi wajen ɗaukarsa.

In tafiyar da nisa, daga Goronyo ko Wurno misali, a yanke baka na biyu nan take bayan kashe kifin, a riƙe shi ta ƙashi ba ta geza ba, a jefa a fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 wanda aka daidaita tsaminsa. Ruwan maganin ya ninka naman sau goma, ya kwana ɗaya zuwa biyu. A ɗakin gwaji za a tausasa ƙashin, a dasa naman a kakin farafin, a yanka shi kaurin maikiromita 4 zuwa 5, a rina. A haɗa da bakan wani kifin mai lafiya daga wani tanki, girmansu ɗaya, a kwalba daban mai alama, domin mai duba ya samu abin da zai gwada da shi.